Agushi Da Kankana: Dukiyar Da Ke Ƙunshe Cikin Tsaba

Ba kowa ne ya san cewa agushin miya da kankanar da ake yankawa a bakin titi 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Guna, wadda ake samun agushi daga cikinta, dangin kankana ce na kusa, har ana iya barbarar junansu su ba da 'ya'ya. Wannan zumunta kuwa ita ce masana aikin gona ke cin moriyarta a yau.

A shekarar 2012 ne masana, galibinsu na ƙasar Sin, suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon kankana, inda suka ƙidaya fiye da 23,000. Amfanin wannan aiki a fili yake. A da, mai inganta iri sai ya shuka, ya jira cuta ta sauka, sa'an nan ya ga wace shuka ta tsira. Yanzu kuwa ɗan ganye kawai za a tsinka a kai ɗakin gwaji, a duba alamar gadon da ake nema, a ware na ƙwarai tun yana tsiro.

Alal misali, akwai wata cuta da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare, 'ya'ya su karkace. Da masanan Amurka suka binciki rumbunsu na iri, sai suka tarar da wani irin agushi mai lamba PI 595203, wanda asalinsa daga Nijeriya yake, cutar ba ta kayar da shi. A 2009 suka gano alamar gadon da ke tare da wannan juriya. Watau tsabar da wani manomin ƙasar nan ya adana ta zama garkuwa ga kankanar wata nahiya.

To, a nan ne maganar ta shafi Birnin Gwari. Shekara da shekaru 'yan bindiga da suka yi sansani a daji suna korar manoma daga ƙauyuka, har zuwa sulhun watan Nuwamba na 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin. Idan ƙauye ya watse, ana lissafa rayuka da dabbobi da rumbuna, amma ba a lissafa ƙullin tsabar guna da kabewa da duma da aka gada tun kaka da kakanni. Iri kuwa in ya daɗe ba a shuka shi ba, mutuwa yake yi, kuma babu ɗakin gwajin da zai mayar da shi.

Ba mu rasa masu iyawa ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ita ce ta fitar da waken nan SAMPEA 20-T a 2019, wanda aka sa wa ƙwayar gado mai kashe tsutsar da ke huda kwanso. Har wa yau, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975 tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Saboda haka ya kamata malaman gona da ɗalibai su bi manoman da suka koma gida, su karɓi tafi guda na kowane tsohon iri da ya rage, su rubuta sunansa da ƙauyensa, a ajiye a waɗannan cibiyoyi. Da tsohuwar zuma ake magani.