Haruffa Biyar Iri Ɗaya, Ma'ana Daban: Tarkon da Kwamfuta Ba Ta Gani

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da ke fama da rubutun furojek a wannan zango, akwai wani tarko a Turanci da nake so mu duba tare. Wasu kalmomi ne masu haruffa biyar-biyar, haruffan kuma iri ɗaya ne sak, jerinsu kawai ya bambanta. Da ka sauya wa biyu wuri, ma'ana ta tafi wani gari. Abin da ya sa suka fi sauran kurakurai haɗari shi ne sau da yawa Microsoft Word ba ya ja musu jan layi, domin kowacce kalma ce ta gaskiya da ke cikin ƙamus. Kwamfuta tana duba ko akwai kalmar, amma ba ta san abin da ke ranka ba.

Mu fara da angle da angel. Ta farko kusurwa ce, ta biyu kuwa mala'ika. Ɗan sashen safiyo ko zanen gini da ya rubuta "right angel" ya saka mala'ika a inda ake neman kusurwa mai digiri 90. Furuci zai taimaka: ana kiran ta farko "angul", ta biyu "enjel", saboda harafin g yakan koma sautin j idan e na binsa.

Sai trial da trail. Trial gwaji ne, ko shari'a a kotu. Trail sawu ne, ko 'yar siririyar hanya a daji. 'Yan ɗakin gwaje-gwaje, wannan taku ce. 'Yan sashen noma su ma suna da tasu: dairy abin da ya shafi madara da nono ne, diary kuma littafin da mutum ke rubuta al'amuransa na kullum. Wanda ya rubuta "diary farm" gonar littattafai ya buɗe, ba ta shanu ba.

Wadda ta fi kowacce yawo a takardun ɗalibai ita ce quite da quiet. Quite tana nuna gwargwadon abu, wani lokaci "sosai", wani lokaci "ba laifi". Quiet kuwa shiru ne. Ta farko gaɓa ɗaya ce a baki, ta biyu gaɓa biyu. Haka board da broad: board allo ne, ko katako, ko hukuma, broad kuma mai faɗi. Hukumar da ke sa ido kan kwalejojin fasaha irin tamu, wato NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1977, sunanta National Board for Technical Education. Ka ga kuwa bai dace mai neman difloma ya ɓata sunanta a shafin farko ba.

Akwai field, fili ko fage, da filed, an adana a fayil. Akwai tried, ya gwada, da tired, ya gaji. Akwai masu zuwa uku-uku: alter canzawa, alert faɗakarwa irin wadda banki ke turowa a waya, later daga baya. Ga kuma ta 'yan ƙungiya: unite haɗa kai ne, untie kwance ɗauri. Fosta mai cewa "students must untie" ta faɗi kishiyar abin da ake nufi, wallahi.

Metre da meter tasu daban ce. Mu da Hausa duk mita muke cewa. A Turancin Birtaniya, wanda makarantunmu ke bi, metre ma'aunin tsawo ne, meter kuwa na'urar awo ce kamar mitar wuta. Amurkawa suna rubuta meter ga duka biyun, salon da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Don haka duba harshen da aka saita wa kwamfutarka kafin ka yarda da gyaranta.

To, me ya sa ido ke tsallake su? Mai karatu da sauri ba ya bin harafi ɗaya bayan ɗaya, siffar kalma yake kamawa, sauran ya cike da abin da yake tsammani. A trial da trail, ko dairy da diary, farko da ƙarshe ba su canza ba, tsakiya ce kawai ta juya. Mu Hausawa mun saba da barin jimla ta warware mana ma'ana: "gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, ba ma ruɗewa. Wannan sabon ne ke sa mu wuce kuskure ba mu gani ba. Sufabaiza da mai duba takardar neman aiki kuwa suna gani, kuma sakaci suke ɗaukar sa.

Maganin ba wuya. Na ɗaya, karanta aikinka da ƙarfi, a hankali, domin baki na kama abin da ido ya bari. Na biyu, danna Ctrl da F, ka nemi waɗannan kalmomi ɗaya-ɗaya, ka duba kowacce a jimlarta. Na uku, idan a shago aka buga maka, kar ka bari a ɗinke kafin ka karanta, don mai bugawa sauri yake yi, ba fanninka ya karanta ba. Na huɗu, ba wa aboki daga wani sashe ya duba, sabon ido ya fi gani.

Mai son horar da idonsa kuma ya riƙa buga Scrabble, wasan da gaba ɗayansa juya haruffa ne. Ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta wasan a 2015 a birnin Perth na Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Ba sai mun kai can ba. Rubuta waɗannan kalmomi a bangon littafinka, ka bi su kafin ka miƙa babi na gaba. Allah ya ba mu sa'a.