Kafin A Yanke Wa Ƙwaƙwalwar Mota Hukunci

Duk wanda ya taɓa wuni a gareji ya san yadda abin yake tafiya. An jawo a-kori-kura da igiya, ta mutu a hanya ta ƙi tashi. Bakanike ya canza fulogi, ya wanke nozul, ya saurari famfon mai, shiru. La'asar ta yi, mai mota yana tsaye yana duba agogo, kayan mutane na jibge a baya. Sai a ja dogon numfashi a ce, "Alhaji, biren bos ne." Daga nan babu sauran bincike, sai lissafin kuɗi.

Wannan biren bos, wato ƙwaƙwalwar mota, ɗan akwati ne na ƙarfe da bai fi littafi girma ba. A tsofaffin a-kori-kurar Toyota yana maƙale ne a gefen ƙafar wanda ke zaune kusa da direba, an rufe shi da roba, a na baya-bayan nan kuma yana bayan aljihun dashbod. Aikinsa karɓar labari da ba da umarni. Wata sensa tana gaya masa yawan iskar da ta shiga inji, wata zafin ruwa, wata inda karanshaf ya kai a juyinsa, wata kuma yadda direba ya taka totur. Da wannan yake auna man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, yana neman iska ta ninka fetur sau 14.7 a nauyi. Inji mai silinda huɗu, idan yana juyi 3,000 a minti, sau ɗari yake kama wuta a daƙiƙa guda, kuma kowanne da lissafinsa.

Direbobin da suka tuƙa Peugeot 404, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba su san da wannan ba. Kafireta ce da kontak, da sukundireba da kunnen bakanike ake saita su. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa na'urar fesa mai ta lantarki a Volkswagen 1600 tun 1967, dokokin rage hayaƙi a Amurka suka tura sauran kamfanoni bin sahu, har ya zama daga 1996 duk ƙaramar mota da a-kori-kurar da za a sayar a can dole ta zo da soket mai rami 16 da ake jona na'urar gwaji, wanda ake kira OBD-II.

Abin da masu mota da yawa ba su sani ba shi ne, da wuya akwatin nan ya mutu don kansa. Babu abin da ke juyawa ko gogar wani a cikinsa. Sau da yawa ma lafiyarsa ƙalau ake cire shi, laifin na wani fis ne da ya ƙone, ko rile, ko wayar at da ta yi tsatsa a jikin bodi, ko sensar karanshaf da ta daina magana. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi. In kuwa da gaske ya mutu, to akasari kashe shi aka yi.

Makasan sanannu ne, kullum ana ganinsu. Akwai mai walda da zai ɗora wuta a bodi ko salansa ba tare da an cire batir da soket ɗin ƙwaƙwalwar ba. Akwai mai taimako a bakin hanya da zai haɗa wayar tayar da mota a juye, ko ya ɗebo wuta daga babbar mota mai bolt 24 ya zuba wa mai 12. Akwai ruwan damina da ke bi ta gefen gilashi yana ɗiga kan soket a hankali har ƙafafunsa su yi kore. Sai kuma wata al'ada da ta ƙi mutuwa, ta zare kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji. A zamanin kafireta an sha yi an wanye lafiya. A mota mai ƙwaƙwalwa kuwa, batir shi ne ke shanye tsallen da wuta ke yi, idan aka zare shi sai tsallen ya faɗa kan kayan lantarki. Ga shi mita ta ba da amsar cikin sauƙi: batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 in inji na kashe, ya hau tsakanin 13.5 zuwa 14.5 in yana aiki.

Tsufa ma yana da nasa rabon. Akwatunan farkon shekarun 1990, na Toyota da Mitsubishi da Ford, sun yi suna wajen yoyon kafasito, wasu 'yan gwangwanaye da ke tsaye a kan allon ciki. Idan suka kwana biyu sai ruwan cikinsu ya tsiyayo ya cinye siraran layukan tagulla. Motar sai ta koma kamar mai aljanu: yau ta tashi, gobe ta ƙi, jibi silo ya riƙa hawa da sauka. Wanda ya kwance kusoshin murfin zai ga baƙin tabo a gindin gwangwanin, wani lokaci har da ɗan wari kamar na kifi. Irin wannan ba ya buƙatar sabon akwati. Mai gyaran rediyo ko talabijin da hannunsa ya faɗa zai iya sauya kafasiton ya ɗinke layukan.

To yaya ake tabbatarwa? Gwaji na farko kyauta ne. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a ga ko fitilar nan mai hoton inji ta kama. In ba ta kama ba, kuma ƙwanta bai ƙone ba, sai a bi wuta da at har bakin soket kafin a zargi kowa. A kuma auna bolt 5 da ƙwaƙwalwar ke aika wa sensa-sensa, domin guda ɗaya da ta haɗe waya tana iya janye wutar duka, akwatin ya yi kamar matacce. A tsofaffin Toyota da ba su da OBD-II, ana haɗa ramukan TE1 da E1 na ɗan akwatin gwaji da guntuwar waya, sai fitilar ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga a san lambar matsalar. A masu soket mai rami 16, lambobi irin su P0601 da P0606 ne ke nuna yatsa ga ƙwaƙwalwar kanta.

Idan hukunci ya tabbata, sai maganar nemo wani. Sabo fil na motar da ta shekara ashirin ko talatin ba kasafai ake samu ba, don haka kasuwar na-hannu ake nufa, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko a aika Ladipo a Legas. A nan ake yawan faɗawa rami, domin kama da wane ba ta wane ba ce. Akwati biyu za su zo da siffa ɗaya, soket ɗaya, amma ɗaya na mai giyar hannu ne ɗaya na otomatik, ko ɗaya an tsara shi don Amurka ɗayan don ƙasashen Larabawa. Lambar da ke jikin takardar da aka manna ita ce shaida. Ta injin Toyota mai fetur tana farawa da 89661, a Ford kuma za a ga 12A650 a tsakiyar lambar, sauran haruffan da lambobin su ne ke rarrabewa. A tafi da tsohon a hannu, a jera su, a karanta ɗaya bayan ɗaya, sannan a yi yarjejeniyar gwaji da mai shago kafin kuɗi su bar aljihu.

Ɗaurawar ba ta da wuya. A kashe makulli, a cire baƙin kan batir, a zare soket a hankali kada ƙafa ta lanƙwashe, a sauya, a mayar. Amma kafin a jona, dole a gano abin da ya kashe na farko. Kwayil ko nozul da ya haɗe waya, in ya ƙona wancan, zai ƙona wannan cikin minti kaɗan, kuma mai shago ba zai karɓi ƙonanne ba.

A motocin da suka zo da makulli mai ɗan guntun lantarki a kansa, tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar ƙwaƙwalwar ba ta san makullin ba, inji zai yi ta juyi ba ya tashi har sai an gabatar da su ga juna da kwamfuta, ko a sayo akwati da makulli da na'urar tsaron a haɗe daga mota ɗaya. A injinan dizal na Hilux irin 1KD da 2KD, har lambobin da ke saman kowane nozul sai an shigar. Bayan an gama, silo na iya ɗan rawa na wani lokaci kafin ƙwaƙwalwar ta saba da injin.

Mai a-kori-kura, in aka ce maka biren bos ne, ka nemi a nuna maka abin da mita ta karanta a bakin soket da lambar da na'ura ta fitar. Kuma ko ka sayi wani, kada ka bar tsohon a gareji, ka tafi da abinka gida.