Me Ya Sa Sauya Kayan Cikin Harsashin Bindigar Farauta Ke Fasa Bindiga?

Yau za mu ɗan ajiye batun wayoyi da kwamfutoci. Wasu daga cikinku sun turo mini irin bidiyon nan na YouTube da ake farke harsashin bindigar farauta, a sauya abin da ke ciki, a harba, suna tambaya ko da gaske ne. E, da gaske ne ana yi. Ni dai injiniyanci nake karanta a nan Amurka, kuma ba zan koya wa kowa yadda ake yi ba. Abin da ke faruwa a cikin bututun shi zan bayyana.

Mu fara da lissafi. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ƙa'idojin ƙera bindiga da harsashi a Amurka tun 1926, ta ce matsin harsashin lamba 12 na yau da kullum kada ya wuce fam 11,500 a kan kowane murabba'in inci. Iskar tayar motarka kamar fam 32 ce. Ka ga ya ninka ta fiye da sau 300, kuma yana tashi ne kafin ƙiftawar ido. Bututun bindigar farauta bai da kauri kamar na raifal, kuma yana ƙara sirancewa ta wajen baki. Hannunka ɗaya yana ƙarƙashinsa, kumatunka na jingine a bayansa.

A cikin harsashin akwai albarushi, da ɗan abin da ke gindi mai kunna shi, da kofin roba, da ƙwayoyin dalma, sai naɗin bakin kwanso. Kamfani ya auna su ne tare. Albarushin zamani yana da wani hali: iya yadda matsi ya ƙaru, iya yadda yake saurin ƙonewa, saurin ƙonewar kuma ya sake ƙara matsin. Shi ya sa ƙarin nauyi kaɗan a gaba, ko kofin da ya fi matsewa, kan iya sa matsin ya yi tsalle fiye da yadda ka zata. Ba ka da na'urar auna wannan a gida. Ƙara da dukan kafaɗa ba ma'auni ba ne.

Rage kaya ma ba tsira ba ce. Idan matsi ya yi ƙasa, albarushin ba ya ƙonewa duka, sai kofin roba ko guntun kwanso ya maƙale a tsakiyar bututu. Harbin farko ba ya yin komai, sai dai ka ji ƙarar ta yi rauni. Na biyun ne ke cin karo da toshiyar, bututu ya kumbura ko ya tsage kamar ɓawon ayaba. Akwai wani haɗari makamancin wannan da ake koya wa masu neman lasisin farauta a nan: harsashin lamba 20 ya fi na 12 siranta, don haka idan aka jefa shi cikin bindigar 12 bisa kuskure sai ya zame ciki ya tsaya, mutum ya ɗora na 12 a bayansa. Wannan ne dalilin da ya sa akasarin harsasan lamba 20 ake yin su rawaya.

Ko kamfanoni ma sun sha wuya da sauyi ɗaya tak. A 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a duk faɗin ƙasar, aka koma ƙwayoyin ƙarfe. Dalma tana da laushi, tana lotsewa idan ta zo wucewa ta matsattsen bakin bututu. Ƙarfe ba ya lotsewa. Sai da aka sake tsara kofunan roba masu kauri, kuma har yau ana gargaɗin masu tsofaffin bindigogi cewa yana iya kumbura musu bakin bututu. To ina ga wanda ya cusa abin da ya tsinta a gareji?

Dubi yadda masana ke gwaji. A Ingila akwai gidan gwajin bindiga na Birmingham tun 1813. Ana harba bindiga da harsashin da matsinsa ya fi na kasuwa, babu mutum riƙe da ita, in ta tsira a buga mata hatimi. Mai sauya harsashi a gida wannan gwajin yake yi, amma da jikinsa.

A 2021 wata babbar raifal ta tarwatse a hannun mai tashar Kentucky Ballistics yana cikin ɗaukar bidiyo. Ɓarɓashin ƙarfe ya yanke masa jijiyar wuya, ya toshe wurin da babban yatsansa har asibiti. Ba bindigar farauta ba ce, amma shi kansa tsohon harsashin da ya harba ya zarga. Wannan fa mutum ne da ya ƙware.

Batun ya shafi gida ma. Bindigar gargajiya ta maharbanmu, wadda ake ɗurawa ta baki, don baƙin albarushi aka ƙera ta. Zuba mata albarushin harsashin zamani kan iya fasa ta nan take. In kana da kawu ko yaya maharbi, don Allah ka faɗa masa.

Sai doka. A Ingila, harsashin da ƙwayoyinsa ba su kai biyar ba, ko kuma ƙwaya ta wuce faɗin inci 0.36, ba ya shiga sahun harsashin farauta na yau da kullum, wata takardar izini daban yake buƙata. Kana iya shiga laifi tun kafin ka ja kunama.

In kana zuwa filin harbi, ka sayi harsashin kamfani da ya dace da lamba da tsawon da aka rubuta a jikin bututu. Kada ka karɓi wanda ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Ka sa gilashin kariya. In ka ji harbi ya yi wata baƙuwar ƙara, tsaya, cire harsashi, ka duba bututun ta baya. Allah Ya tsare mu. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.