Abin da ke sa kwamfutar wasanni mutuwa ba zato a Kafanchan

Matashin da ya harhaɗa kwamfutar wasanni da hannunsa a Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jema'a ta Jihar Kaduna, yakan zargi manhajar Windows idan na'urar ta mutu ana tsaka da wasa. Sau da yawa ba nan gizo ke saƙar ba.

Yadda ta mutu shi ne shaidar farko. Idan ta ɗauke ɗif ba saƙo, ta kuma tashi da kanta, wuta ake fara tuhuma. Lantarkin gida a Najeriya volt 230 ne, amma yakan yi rauni, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta. Katin hoto na zuƙar wuta da zarar wasa ya kankama, akwatin rarraba wuta mai araha kuwa ba ya jure hakan. Lambar Kernel-Power 41 da ke bayyana a Event Viewer ba ta faɗin dalili, tana nuna dai ba a kashe na'urar bisa ƙa'ida ba.

Idan kuwa sai ta daɗe a kunne take mutuwa, to zafi ne. Ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin Maris ya tarar da ita a haka, kuma ƙwaƙwalwar na'urar kan kashe kanta idan zafinta ya haura kimanin digiri 100.

Shuɗin allo na iya yin nuni ga RAM, wadda ake gwadawa da MemTest86. Akwatin wutar kam ba a buɗe shi, domin yana riƙe caji ko bayan an zare waya.