Dama ko hagu: Wa ya zaɓa wa zoben aure hannu?

Matar aure a Landan ko Washinton a hannun hagu take sa zobenta, a yatsan da ke maƙwabtaka da ƙaramin yatsa. Takwararta a Mosko ko Atina a wannan yatsan take sawa, amma na hannun dama. Kowacce na ganin nata ne daidai, sai dai ba ita ta yi zaɓin ba. Majami'u da masu mulki ne suka yanke maganar ƙarnoni da suka wuce.

Dalilin da aka fi yayatawa game da hagu tsohon zance ne na Rumawa, waɗanda suka ce wata jijiya ta taso daga wannan yatsa ta zarce har zuciya. Zance ne mai daɗin ji a wurin biki, amma ilimin likitanci ya rushe shi tuntuni, domin duk yatsu tsarin jijiyoyinsu ɗaya ne.

Abin da ya kafa hagu a Ingila rikicin addini ne. Kafin ƙarni na 16, tsarin ɗaurin auren da aka fi bi a majami'un ƙasar hannun dama ya tanada wa amarya. Bayan Ingila ta raba gari da Fafaroma, sai aka fitar da sabon littafin ibada a 1549, zamanin Sarki Edward na Shida, wanda ya umarci ango ya sa zoben a hannun hagu. Majalisar dokoki ce ta wajabta amfani da littafin, wato ko hannun amarya sai da doka ta ratsa shi. Daga nan al'adar ta bi jiragen ruwan Turawan Ingila zuwa ƙasashen da suka mallaka.

Majami'un Otodoks na Rasha da Girka da Sabiya ba su bar dama ba, don a wurinsu shi ne hannun rantsuwa da albarka. A Holan kuwa zobe ya daɗe yana tona asirin ɗarikar mutum tun bai buɗe baki ba: 'yan Katolika hagu, 'yan Furotesta dama. Jamusawa da yawa sukan sa shi a hagu lokacin baiko, ranar aure su mayar da shi dama, yayin da 'yan Burazil ke yin akasin haka.

A Folan ana danganta sa zobe a dama da boren 1863 da aka yi wa mulkin Rasha. Labarin da ake gadar wa 'ya'ya shi ne, a da zawarawan da mazansu suka mutu ne ke sa shi a dama. Da aka murƙushe boren, sai matan aure suka mayar da nasu can don makokin waɗanda aka kashe ko aka kora Saiberiya.

A ƙasar Hausa zobe ba ya cikin sharuɗɗan aure. Waliyyi da shaidu da sadaki su ne ke ƙulla shi, kuma Musulunci ya hana maza sa zinariya, sai azurfa. Duk da haka zoben ya samu gurbi a hotunan bikin birane, galibi a hagu kamar na Turawan Ingila, hannun da ake tsawata wa yaro idan ya miƙa wa babba kaya da shi.