Yoyon hanci wurin aiki ba kullum ne mura ba

Idan ɗari ya shigo aka gama girbi, ƴan kokowa sai su shiga horo. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, samari da yawa ke fita gudu da asuba. Kukansu ɗaya ne: da an fara gudu sai hanci ya yi ta zuba. Haka masu sussuka, haka makiyaya wurin jan guga.

Sau da yawa wannan ba mura ba ce. Aikin hanci shi ne ya ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura kafin ta kai huhu. Mai aikin ƙarfi yana shaƙar iska fiye da na zaune. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce, ga sanyi, ga ƙura, ga ƙaiƙayi. Sai hanci ya ƙara ruwa don ya kare kansa. Majinar kamar ruwa take, ba zazzaɓi. Wani sai ya tsaya hutawa sannan hancin ya toshe. Bayan ɗan lokaci komi ya wuce.

Abin takaici, wasu sai su nufi masu tallar ƙwayoyi a kasuwa. Kuɗi ne kawai ke tafiya. Maganin ɗigawa a hanci ma, in aka wuce kwana 5 ana sa shi, toshewar ƙaruwa take.

Dabarar tana gida. A rufe hanci da rawani ko ƙyalle, kamar yadda Buzaye ke yi. Mai sheƙa ta juya wa iska baya. Da marece a wanke hanci da ruwan gishiri: lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, da gishiri ƙaramin cokali 1 da rabi.

Amma akwai lokacin da ba a jira. In numfashi na shesheƙa wurin gudu, ko tari ya wuce sati 2, a je gidan likita. Zazzaɓi da ciwon kai da ƙagewar wuya alamun sanƙarau ne, a tafi nan take. Ɗan kokowar da kansa ya bugu da ƙasa, ruwa garau ya riƙa ɗiga ta ƙofar hanci ɗaya, shi ma a kai shi asibiti ranar.