Sa'o'i Kaɗan Bayan Cikawa: Yadda Ake Bin Sawun Sankarar Mama

Ƙullutun da ake cirewa daga nonon mace a ɗakin tiyata ba kasafai shi ne ajalinta ba. Masu kisan su ne ƙwayoyin da suka ɓalle daga jikinsa, suka bi jini ko hanyar kaluluwa, suka je suka kafu a ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma wajen 670,000 sun rasu, galibinsu bayan cutar ta yaɗu. Duk da haka, akasarin abin da masana suka sani daga wancan ƙullutu na farko suka samo shi, domin shi ne ke zuwa hannunsu cikin sauƙi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mace da jinya ta riga ta galabaitar, babu likitan kirki da zai soka mata allura wuri goma don ɗibar tsoka. Sau ɗaya ko biyu ake yi, a inda hannu ke kaiwa, abin da ake samu kuwa ɗan mitsitsi ne. Ƙwaƙwalwa da ƙashin baya sau tari ba a ma kusantarsu.

Tunanin neman amsa a jikin mamata ya daɗe. A 1889 wani likitan tiyata na Landan, Stephen Paget, ya bi bayanan binciken gawar mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga cutar ba ta faɗawa gaɓoɓi da ka, akwai inda ta fi so. Ya kwatanta lamarin da iri da ƙasa: iri na watsuwa ko'ina, amma sai inda ƙasa ta karɓe shi yake tsirowa. Abin da ya sauya a yau shi ne gaggawa. Da zarar jini ya tsaya, saƙonnin da ke cikin ƙwayoyin halitta, musamman wanda ake kira RNA, sukan fara lalacewa. Shi ya sa ake so a gama ɗibar tsoka cikin sa'o'i kaɗan da cikawa.

Mara lafiyar ce ke ba da izini da kanta tun tana raye, da sanin iyalinta, kuma tana iya janyewa. Idan ta cika, ko da tsakar dare ne, a buga waya, a kawo gawa asibiti, ma'aikata su taru. A ɗebi tsoka daga duk inda cutar ta kai, har da lafiyayyun sassa don kwatantawa. Wata a daskarar da ita nan take, wata a jiƙa ta a fomalin don duba ta a madubin likita, wata kuma a dasa ta a jikin ɓerayen gwaji tun ƙwayoyinta na da rai. Sai a ɗinke, a kimtsa, a miƙa wa dangi. Asibitin Johns Hopkins da Jami'ar Pittsburgh a Amurka suna wannan aiki. A Birtaniya akwai shirin PEACE, a Ostireliya CASCADE, a birnin Leuven na Beljiyam kuma UPTIDER.

Ga misalin da ya fi nuna amfaninsa. A 2015 Dejan Juric da abokan aikinsa suka wallafa labarin wata mata a mujallar Nature. Cutarta na ɗauke da sauyi a ƙwayar gado mai suna PIK3CA, sai aka ba ta maganin gwaji da ke toshe hanyar da wannan ƙwayar gado ke aiki ta cikinta, wanda daga baya aka sa wa suna alpelisib. Ta samu sauƙi na tsawon watanni, sannan cutar ta ɓulla a huhu, ba da jimawa ba ta rasu. Aka ɗebi tsoka daga wurare 14. Wuraren da suka bijire wa maganin duk sun rasa aikin wata ƙwayar gado, PTEN, mai taka wa girman ƙwayoyin halitta birki. Abin mamakin shi ne ba ta hanya ɗaya suka rasa shi ba: kowane rukuni da irin tasa lalacewar, amma duka sun ɓulle wuri guda. Allura ɗaya a huhu da guda kawai za ta nuna, a ɗauka shi ke nan. Da aka dasa tsokar a ɓeraye, aka ga toshe wata hanya ta biyu yana karya wannan turjiya.

A ganina, ba a ɗakin gwaji wahalar aikin take ba. Tana wajen buɗe baki a yi wa mace maganar gawarta alhali tana fatan warkewa, da kuma kuɗin riƙe ma'aikata cikin shiri dare da rana. Mai karatu Musulmi zai yi tambaya kan martabar mamaci da gaggauta jana'iza, kuma tambaya ce mai nauyi da ke buƙatar malamai da likitoci su zauna a kanta. Su kansu masu shirye-shiryen sun san iyakarsu: matan da ake bincika ba su da yawa, kuma kusan duka daga manyan asibitocin ƙasashe masu arziki suke, alhali cutar ta fi saurin kisa a ƙasashen da mata ke isa asibiti bayan ta riga ta yaɗu.